Yadda na sa kwamfuta ta bi sawun titireshan na ruwan kogi

Aikin da ke gabana shi ne in rubuta lissafin da zai hango yadda pH (ma'aunin da ke sauka idan asid ya ƙaru) na ruwan kogi zai sauka idan ana ɗiga masa asid ɗin HCl, wato titireshan, sannan in gwada da abin da mitar auna pH ta nuna. A yawancin ruwan da ba na teku ba, dangin kabonet ne ke tare asid: iskar CO2 da ta narke, bayikabonet, da kabonet. A zafin digiri 25, pK (wato pH ɗin da biyu daga cikin dangin ke yin daidai da juna a yawa) na farko 6.35 ne, na biyu 10.33. Sai dokar da komai ya rataya a kanta: dole cajin fosatif da na negatif su yi daidai.

Hanyar da kowa ke fara bi ita ce a ba kwamfuta yawan asid, a ce ta nemo pH. Dabarar Newton, wadda ke gyara hasashe a kai a kai har ta kusanci amsa, na fara gwadawa. Tana da sauri, amma dab da inda layin zanen pH da yawan asid ke gangarowa sai ta yi tsalle ta kawo adadin haidirojin (H+, wanda pH ke aunawa) ƙasa da sifili, abin da ba ya yiwuwa. Raba tazara biyu-biyu tsakanin pH 0 da 14 bai taɓa ba ni kunya ba. Amma abin da ya fi su duka shi ne juya tambayar: ka zaɓi pH da kanka, ka fitar da rabon kowane ɗan kabonet, sannan ka tambayi mililita nawa na asid zai kai ka can. Ta wannan fuska babu laluben amsa, layi ɗaya ne a harshen kwamfuta na Python.

Da na ɗora zanen a kan awon gaske, sun tafi tare da farko, amma daga wajen pH 6.5 zuwa 5 mita ta riƙa nuna sama da lissafi. Kofin a buɗe yake, maganaɗisu na juya ruwan, CO2 na ta sulalewa. Lissafina kuwa ya ɗauka kabon ɗin yana nan daram. Abin sha'awa, alkaliniti, wato yawan asid ɗin da ruwan ke iya tarewa, bai motsa ba, domin CO2 ba ta ɗauke da caji: fitarta na sauya siffar layin, ba ta taɓa yawan asid ɗin da ake bukata.

Shi ya sa na daina dogaro da tsayawa a pH 4.5, inda aka saba daina ɗiga asid a karanta alkaliniti. Ainihin wurin tsayawa yana matsawa da yawan kabon, a ruwa mai ƙarancin alkaliniti ma yakan kusanci 5. Dabarar Gunnar Gran ta 1952 ta fi: a ci gaba da ɗiga asid har ƙasa da pH 4, a ninka jimillar ruwan da adadin haidirojin, a zana sakamakon daura da yawan asid ɗin da aka ɗiga. Miƙaƙƙen layi ke fitowa, inda ya yanki sifili nan ne amsar.

Ruwan teku kuma wani babi ne. Gishirinsa ya kai ƙarfin ayon (ma'aunin yawan ƙwayoyi masu caji a ruwa) kusan 0.7, alhali gyaran Davies, lissafin da ke gyara tasirin gishiri, iyakarsa wajen 0.5. Dole na sa pK ɗin da aka auna a ruwan tekun kansa, kusan 5.9 da 8.9, na kuma ƙara boret, wani sinadarin ruwan teku da shi ma ke tare asid, a cikin alkaliniti kafin layukan su haɗu.