Tsohon rediyo mai bawul: ka san shi tukuna kafin ka yanka masa kuɗi

Kwanaki wani abokina ya kira ni wai ya ci karo da rediyon marigayi babansa a cikin kayan da aka daɗe da jibgewa, irin ƙaton akwatin nan na katako mai yadi a gaba, yana so in zo in duba masa ko abin kuɗi ne. Tun a waya abin da na fara ce masa shi ne don Allah kar ka jona shi a wuta. Ya ce ai ga fulogin ma a hannunsa soket yake nema, na ce ajiye shi, ina zuwa.

Wannan maganar ta kar a jona ba tsoro ba ne kawai, akwai dalili. A cikin irin waɗannan rediyo akwai ƙananan kafasita, wato 'yan na'urorin da ke riƙe cajin wuta, da aka yi da takarda aka shafe da kaki, to bayan shekara sittin ko saba'in sun sha danshi sun fara yoyon wuta, kuma akwai guda ɗaya da ke tsakanin bawul biyu na ɓangaren sauti (bawul su ne kwalaben gilashin nan da ke ƙara ƙarfin sigina a cikin tsohon rediyo) wanda in ya yi yoyo sai ya sa bawul ɗin ƙarshe ya dinga jan wuta fiye da kima har ya yi ja, daga nan sai taransifoma ta ƙone, ita kuwa taransifomar nan samun irinta aiki ne ja. Minti biyar na ɗoki ya isa ya mayar da rediyo mai gyaruwa ya koma kayan ado. Ga kuma wutar da ke yawo a ciki tana kai bolt 250 ko fiye, sannan wasu ma ba su da taransifomar wuta sam, layin wutar gida kai tsaye yake haɗe da ƙarfen da aka ɗora kayan a kai, ka taɓa ka ji a jikinka. In kuma ɗan Amurka ne to na bolt 110 zuwa 120 ne, ka ba shi 230 ka gama da shi.

Da na isa sai muka juya bayansa. Ni a wajena nan ne rediyo yake faɗin ko shi wane ne, gaban kwalliya ce. Muka kwance noti muka cire kwalin baya mai huji-huji, ƙura ta taso da wani wari na tsohon katako da kaki, ga kwalabe shida a tsaye sun yi furfura da ƙura. Abokina ya miƙa hannu da jiƙaƙƙen tsumma zai goge ɗaya sai na riƙe hannunsa, saboda rubutun da ke jikin gilashin nan ruwa na taɓa shi yake fita, kuma wannan rubutun shi ne shaidarmu. Da busasshen buroshi na share a hankali na haska da fitilar waya: ECC85, ECH81, EF89, EABC80, EL84, EM84.

Waɗannan haruffan ba haka nan aka jera su ba. A tsarin Turai harafin farko yana faɗa maka irin wutar da ke ɗumama bawul ɗin, E na nufin bolt 6.3, D na rediyon batir ne mai bolt 1.4, in kuwa ka ga U kamar UCH42 ko UL41 to an jera su ne a layi ɗaya suna cin wuta kai tsaye, wato irin masu haɗarin nan da na faɗa, Bush DAC90A na Ingila da ya fito a 1950 irinsu ne. Harafi na biyu kuma aikinsa yake faɗa, L mai tura sauti zuwa sifika, Y ko Z mai daidaita wuta, M kuma idon nan kore da ke buɗewa yana rufewa in kana neman tasha. Amurkawa su da lamba suke farawa, kuma lambar ita ce bolt ɗin ɗumamawa, 12SA7, 12SK7, 12SQ7, 50L6, 35Z5, ka tara 12 sau uku da 50 da 35 za ka samu 121, daidai da wutar gidansu, shi ya sa ba su buƙaci taransifoma ba. Ranar da na fara gane wannan lissafin wallahi daɗi na ji, ashe abin a fili yake.

Girman kwalaben ma shaida ne. Manya masu ƙiba da ƙafa huɗu ko biyar, wato 'yan tsinken ƙarfen da ke gindinsu, na shekarun 1920 ne zuwa farkon 1930, masu ƙafa takwas da ɗan turke a tsakiya sun fito a 1935, ƙananan nan masu kamar yatsa da gilashi zalla kuma bayan Yaƙin Duniya na Biyu suka cika rediyon gida. Na abokina ƙananan ne masu ƙafa tara. Sai ka duba saman ko gefen kowace kwalba za ka ga wani tabo mai sheƙi kamar madubi, wannan lafiya ce, in ya koma fari kamar alli to iska ta shiga, bawul ɗin ya mutu.

Daga nan muka dawo gaba, wajen gilashin allura, kuma nan ne na fi daɗewa don ni dai ina son karanta shi. Sunayen garuruwa ne a jere, Hilversum, Luxembourg, Beromünster, Droitwich, kamar taswira. A ƙasa ga maɓallai farare kamar haƙoran fiyano an rubuta LW, MW, KW, UKW, wato dogon zango, matsakaici, gajere, da FM a rubutun Jamusawa. Jamus ta fara watsa FM a 1949, BBC kuma sai 1955, don haka rediyon Turai mai FM ba zai zama na kafin yaƙi ba komai yadda mai shi ya rantse. Nasa lambobin FM ɗin a 100 suka tsaya ba su kai 108 ba, ga kuma rubutu a baya cewa a Jamus ta Yamma aka yi shi, ƙasar da ba a kafa ta ba sai 1949. Duk ka haɗa waɗannan sai su kai ka ƙarshen shekarun 1950 ko farkon 1960. Na Ingila in ka ga an rubuta Third a gilashin to daga 1946 ne zuwa sama, don a shekarar BBC ta buɗe wannan tashar. Na Amurka kuwa akwai wasu ƙananan alamu masu kusurwa uku a kan 640 da 1240, tashoshin gargaɗi ne na lokacin yaƙin cacar baka, daga 1953 zuwa 1963 ake sa su. In an yi sa'a lambar samfuri tana nan a kwalin baya ko a manne a ƙarfen ciki to aiki ya zo da sauƙi, ka sa ta a intanet ka ga shekara da zanen wayoyinsa.

To sai maganar kuɗi, wadda ita ce ta sa ya kira ni tun farko, kuma na gaya masa gaskiya duk da na ga jikinsa ya ɗan yi sanyi. Tsufa kaɗai ba ya sa rediyo tsada. Waɗannan na Jamus masu haƙoran fiyano, Grundig ne ko Telefunken ko Nordmende, an yi su da yawan gaske kuma da yawa sun tsira, ga nauyi ga girma, aika su nesa wahala ne, saboda haka duk da daɗin sautinsu farashinsu bai cika tashi ba. Waɗanda masu tarawa ke kokawa a kansu galibi siffarsu ce ta ja musu, kamar Ekco AD65 mai zagaye kamar faranti da Wells Coates ya zana ya fito a 1934, ko Philco 90 na 1931 mai kai kamar ƙofar coci, ko ƙananan Fada na Amurka masu jikin wata irin roba da ake kira katalin, launi-launi, waɗanda a ciki ba wani abin a zo a gani amma launin jikin ne kuɗin. Zenith Trans-Oceanic ma yana da masoyansa. Kai wani lokacin ma bawul ɗaya da ke ciki, in irin wanda masu amfilifaya ke nema ne, sai ya fi akwatin gaba ɗaya daraja, shi ya sa ake samun masu saye su zare kwalaben su yar da gangar jiki, abin nan yana ɓata min rai ƙwarai.

Bayan samfuri sai yanayin jiki. Abin da nake dubawa shi ne abin da ba a iya maye gurbinsa, kafasita da waya ana samun sababbi, amma gilashin allura in ya fashe ko rubutunsa ya goge shi ke nan, haka maɓallan murɗawa na asali, da yadin gaba, da kwalin baya da mutane ke yarwa ba su san yana rage daraja ba. Jikin bakelayit, wato tsohuwar robar nan mai tauri, in ya tsage ba ya komawa kamar da. Katako kuma ka duba ƙasansa ko akwai ƙananan huji da gari yana zuba, ƙwaro ne ke ci. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne wanda zai ɗauki sanfefa ya kankare katakon ya malala masa sabon fenti mai ƙyalli wai yana gyarawa, mai saye da ya san abin yana gani zai ja baya, gara ka bar masa tsufansa ka share ƙura kawai. Akwai kuma na kwaikwayo da ake yi yanzu da siffar da, ka ɗaga za ka ji shi sakayau, ka leƙa baya babu kwalba ko ɗaya sai ɗan allo na tiransisto.

Kuskuren da abokina ya yi, kuma kusan kowa na yi, shi ne ya shiga shafin gwanjo ya ga wani ya sa wa irin nasa kuɗi mai kauri sai ya ɗauka farashin ke nan. Kowa na iya rubuta abin da ya ga dama, tallar na iya shekara ba wanda ya taya. Na ce masa ya nemo waɗanda aka riga aka sayar, samfuri ɗaya, yanayi kusan ɗaya, guda biyar ko shida, ya ga inda suka taru. Da muka yi haka abin da ya fito bai kai rabin abin da ya sa rai ba, kuma in za a biya mai gyara ya canja kafasita duka to kuɗin aikin zai iya cinye ribar.

Ya yi shiru, can ya ce to shi dai yana so ya ji muryarsa ko sau ɗaya, don yana tuna babansa zaune gabansa da dare yana murɗa allura. Sai muka kai wa wani dattijo mai gyara da ya san aikin bawul, ya canja kafasitan takardan nan, sannan ya ba shi wuta ta cikin ƙwan fitila mai zare da ya jera a layin, yadda in akwai matsala ƙwan ne zai yi haske ya tare wutar. Ƙwan ya haska ya dushe, alamar lafiya. Muka jira kamar daƙiƙa ashirin ba a jin komai, kwalaben suna yin ja a hankali, sai idon nan ya fara kawo kore, sifika ta yi wani gurnani ƙasa-ƙasa, dattijon ya danna KW ya murɗa kaɗan sai ga murya ta fito daga nesa tana zuwa tana komawa. Abokina ya ja kujera ya zauna. Har yau rediyon yana ɗakinsa, ya ce maganar sayarwa a bar ta tukuna.