Jiran Yanayi Kafin Hawa Dutsen Vinson

Dutsen Vinson, mai tsawon mita 4,892, shi ne mafi tsawo a nahiyar Antaktika, kuma daga Nuwamba zuwa Janairu kaɗai ake hawansa. Kafin mutum ya taka gindinsa sai ya shiga jirgi biyu. Na farko babba ne, yana tashi daga Punta Arenas a kudancin Chile zuwa sansanin Union Glacier, tafiyar kusan kilomita 3,000. Na biyu ƙarami ne, shi ke kai mutum gindin dutsen. Na yi zaman jiran kowannensu, kuma abin da ya tsare mu a na farko daban yake da abin da ya tsare mu a na biyu.

Babban jirgin, ko Ilyushin 76 ƙirar Rasha ko Boeing 757, da taya yake sauka a kan ƙanƙara shuɗiya mai tauri wadda iska ta share. A irin wannan wuri birki ba ya kamawa sosai, da ƙarfin injin ake rage gudu. Shi ya sa matuƙa ba sa wasa da iskar gefe: in ta bugi jirgi yana zamiya, ba abin da zai riƙe shi a kan layi. Tsohon sansanin Patriot Hills ya sha fama da wannan, har aka koma Union Glacier a 2010, inda iskar ta fi bin tsawon titin. An samu sauƙi, amma ba a rabu da jira ba. Iska na iya tayar da garin ƙanƙara ta rufe titin. Sabuwar dusar ƙanƙara in ta sauka sai an sa injuna sun kwashe ta. Ko ɗumin rana ma yana hana sauka, domin saman ƙanƙarar yana ƙara santsi. Sannan ba awa ɗaya ta alheri ake nema ba. Zuwa kaɗai ya haura awa huɗu, ga sauke kaya, ga dawowa, kuma babu wani filin jirgi a kusa da za a karkata in abu ya ɓaci. Don haka sai ka ga rana fes a Punta Arenas, a ce maka yau ma babu tashi.

Tsarin jiran a garin shi ne: a duba kayanku, a wanke takalma da aljihuna don kada a kai ƙwayar iri ko ƙasa nahiyar, a auna manyan jakunkuna a tafi da su. Daga nan sai sauraron waya. Za a ce a saurari bayani da safe, da safe a ce da rana, da rana a ce gobe. Ranar da aka ce a fito kuwa, lokacin da za a ba ka kaɗan ne.

Tunda babbar jaka ta riga ta tafi, abin da ka riƙe a hannu shi ne rayuwarka. Ni nakan bar takalmin dutse, babbar rigar sanyi, tabarau, safar hannu, fasfo da duk magungunana a ƙaramar jaka, tare da kayan sawa na gari da za su kai ni mako guda. Mai shan magani kullum ya zo da na ƙarin mako biyu. Kuɗin otal da abinci na kwanakin jira daga aljihunka suke fita, kuma a wannan lokaci otal-otal ɗin garin a cike suke da baƙi, sai ka yi magana da mai otal tun ranar farko kan ƙara kwana. Akwai masu cewa bari su leƙa gandun Torres del Paine tunda ana zaune. Tafiyar ta kai awa biyar a mota. Ban ga hikimar hakan ba, don jirgin ba ya jiran kowa. Abin da ya fi shi ne ka ɗauki jaka mai nauyi ka riƙa hawa matakalan Cerro de la Cruz a cikin gari, ka dawo kusa da waya. Ka kuma kiyayi mura. A ɗakunan cin abinci ake kwasarta, kuma tarin da ba komai ba ne a bakin teku yakan zama babban abu a busasshiyar iska mai digiri 30 ƙasa da sifili.

Union Glacier na da daɗin zama: akwai tantin cin abinci mai ɗumi, akwai likita. Nan ne jira na biyu yake, kuma nan mutane suka fi ƙosawa, don sun ga dutsen ya kusa. Jirgin Twin Otter, wanda ake sa wa allunan zamiya, yana yin kusan kilomita 150 zuwa kogin ƙanƙara na Branscomb cikin abin da bai kai awa ɗaya ba. Shi matsalarsa gani ne. In gajimare ya rufe rana, inuwa takan ɓace, ƙasa da sama su zama fari ɗaya, matuƙi bai iya bambanta tudu da kwari, bai san tazararsa da ƙasa ba. Wanda ya taɓa kwana a filin jirgin Kano saboda hazon hunturu zai gane, sai dai a can ba na'urar da za ta sauko da jirgi, ido ne kawai. Kuma dole wuri biyu su yi kyau lokaci guda: inda za a tashi da inda za a sauka. Gajimare na son kwanciya a kwarin Branscomb alhali Union Glacier na haske.

Abin da mutane ke mantawa shi ne sansanin Union Glacier yana kan tsawon kusan mita 700 ne kacal. Komai daɗewarka a nan, jikinka bai fara sabawa da ƙarancin iskar sama ba. Amfanin kwanakin yana wani wajen. Mun riƙa ɗaura igiya muna gwada ciro mutum daga tsagar ƙanƙara, muna gwada maƙala ƙarfen hawa a igiya da manyan safar hannu, domin a sama cire safar na minti ɗaya na iya cin yatsa. Mun kunna kowane risho, mun gwada ɗaurin akwatin robar da ake jan kaya da shi. Zoben robar famfon risho yakan taurare a sanyi ya yi yoyon mai, gara a gano shi kusa da ɗakin gyara. Batir kuma a ƙirji ko cikin jakar barci yake kwana.

Rana ba ta faɗuwa, saboda haka barci sai da abin rufe ido da kuma agogo. Sansanin agogon Chile yake bi. Ni da lokutan Punta Arenas na riƙa salla, na rubuto su a takarda tun kafin tashi.

Da zarar an sauka a gindin dutsen, kusan mita 2,100, lissafin ya canza. Yanzu kowace ranar jira tana cin abinci da man da kuka ɗauko. Duk ruwan sha daga narka ƙanƙara yake, mutum na bukatar lita uku zuwa huɗu, kuma mun ƙiyasta kusan rubu'in litar mai ga kowane mutum a rana. Sansani na ƙasa yana wajen mita 2,750, na sama wajen 3,780, tsakaninsu akwai gangare mai tsauri da aka kafa wa igiya. Ba a hawa wannan gangare in iska na tashi, kuma ba a hawansa in hasashen kwana biyu masu zuwa bai yi kyau ba, domin jira a sama ya fi cin jiki. A sansani na ƙasa akan yanka tubalan ƙanƙara da zarto a gina katanga gefen da iska ke fitowa. Akwai awannin da rana ke ɓuya bayan dutse, sanyi ya sauko nan take, ba mai fita tanti sai ta leƙo wajen hantsi.

Wurin da jinkiri ya fi cutarwa shi ne nan. Ranar komawar babban jirgi a tsare take, duk kwanan da aka rasa a baya sai a so a rama shi a dutse, kuma ranar hutu ake fara yankewa. A ganina ita ce ta ƙarshe da ya kamata a taɓa. Kusa da ƙarshen duniya na kudu iska ta fi sirara fiye da yadda tsawon wurin ke nunawa, wanda ya yi gaggawa ciwon kai da amai za su mayar da shi ƙasa.

Fita ma da nata jiran: jiragen nan biyu dai, da sharuɗɗan nan dai. Tikitin komawa gida daga Punta Arenas ya zama wanda ake iya sauya wa rana, a bar aƙalla mako guda a bayansa, kuma a karanta takardar inshora a ga ko ta ambaci jinkirin yanayi da ɗauko majinyaci daga Antaktika da sunanta.