Maki biyu da suka ci mini shekara guda

Ranar Alhamis ɗin da ta wuce na karɓi sa hannu na ƙarshe a takardar sallama daga sashenmu na injiniyan gine-gine. Waɗanda muka shigo tare sun riga ni fita da shekara guda, wasunsu ma suna dab da gama bautar ƙasa. Abin da ya raba ni da su maki biyu ne a kwas ɗin ƙarfin kayan gini na aji biyu. Duk wanda ya zauna a wannan tsangaya ya san Farfesan da ke riƙe da kwas ɗin, don haka ba sai na kama suna ba.

Ƙarfe takwas na safe yake shigowa, ya sa a rufe ƙofa. Wanda ya makara ko da minti ɗaya sai dai ya leƙo ta taga. Mun haura 200 a ɗakin da aka gina don rabinmu, babu lasifika, fanka ɗaya ce ke juyawa in akwai wuta. Da ya yi sallama sai ya ba mu baya, ya fuskanci allo, dama na rubutu hagu na gogewa, har awa biyu ta cika. Ilimi kam yana da shi, wannan ko maƙiyinsa ba zai musa ba. Yana iya kallon bim, wato dogon ƙarfe ko kankaren da ake kwantarwa ya ɗauki nauyin gini, da nauyin da ke kansa ya zana maka yadda ƙarfin lanƙwasa zai kasance tun daga wannan kai har wancan, bai taɓa kalkuleta ba. Amma tambaya ce ba ya so. Wata rana wata ɗaliba da ke zama a layin gaba ta ɗaga hannu ta ce ba ta gane dalilin da ya sa lanƙwasar ta fi tsanani a tsakiyar bim ba. Ya dube ta sama da ƙasa, ya ce wanda bai san wannan ba ya koma sakandare, kujerar da yake kai ta wani ce. Aka yi dariya, kuma ni ma ban san amsar ba a lokacin, shiru kawai na yi. Tun daga ranar ba ta sake buɗe baki a aji ba, kafin ƙarshen shekara ta canza sashe.

Yana da doka ɗaya da kowa ya haddace: amsar da ba ta da ma'auni, ko wadda hankali ba zai ɗauka ba, sifili ce, komai kyan hanyar da ka bi. Yakan ba mu labarin kumbon da Amurka ta tura duniyar Mas ya salwanta a 1999, saboda wani ɓangare ya yi lissafi da ma'aunin fam, wani kuma da na niyuton. Da benen nan mai hawa 21 ya rufta a Ikoyi ta Legas ranar 1 ga Nuwamba 2021, mutum sama da 40 suka mutu, ya shigo aji ya daɗe bai ɗauki alli ba. Can ya ce mana kankare ba ya ba da rabin maki. Mun ji maganar, mun rubuta ta a gefen littafi, amma a matsayin barazana muka ɗauke ta, don ba a taɓa nuna mana yadda mutum zai gane cewa amsarsa ta fita daga hankali ba.

To da me muka shirya wa jarrabawa? Hadda. Tambayoyin shekarun baya muke tarawa, mu kwana a aji da fitilar waya, sauro na cizo, muna maimaita ƙa'idoji kamar karatun allo. Har yau ko daga barci aka tashe ni zan kawo ƙa'idar lotsawar bim mai nauyi shimfiɗe a kansa: 5wL⁴ bisa 384EI. Na san ta a baki. Ban taɓa tsayawa ƙarƙashin bim na gaske na ɗaga kai na kalle shi da ita a zuciya ba.

Tambaya ta uku ce, maki 20. Bim na ƙarfe mai tsawon mita 6, an ɗora shi a kan madogara biyu, nauyin kiloniyuton 10 a kowace mita, a nemo iyakar lotsawarsa a tsakiya. Da na gan ta sai da na yi hamdala, don irinta na yi ta fi sau goma. An ba da I ɗin cikin ƙa'idar, wato adadin da ke nuna yadda siffar bim ke jure lanƙwasa, a santimita mai ƙarfi huɗu, 8,500, ana bukatar a mayar da shi milimita. Santimita ɗaya milimita 10 ce, saboda haka in aka ɗaga zuwa ƙarfi huɗu sai a ninka da 10,000. Ni kuwa da 10 na ninka. Saura duk daidai, layi bayan layi. Kalkuleta ta ba ni 9,930, na rubuta milimita a gaba, na ja layi biyu a ƙarƙashi, na wuce tambaya ta gaba raina fes.

Da aka liƙa sakamako na ga 38 a gaban lambata. Da 40 ake tsallakewa.

Kwana uku ina zarya a ƙofar ofishinsa kafin ya ce in shigo. Abin da ban zata ba, ya sa aka zaro takardata, ya buɗe ta a gabana. Wannan ne karo na farko da na ji ya yi Hausa.

"Karanta mini amsarka."

"9,930, ranka ya daɗe."

"Na me?"

"Milimita."

"Mita nawa ke nan?"

Nan bakina ya bushe. Na ce kusan mita 10.

"Bim ɗin mita nawa ne?"

"Shida."

Ya miƙo mini biro da farar takarda ya ce, "To zana mini bim mai mita 6 da ya lotsa mita 10." Na riƙe biron, hannuna na rawa. Amsar gaskiya ba ta kai milimita 10 ba, ƙasa da faɗin farcen ɗan yatsa. Na ce, "Farfesa, don Allah a duba, hanyar daidai take, maki biyu kawai nake nema." Ya rufe takardar ya ce, "Ba ni na hana ka maki biyu ba, samari. Kai ne ba ka kalli abin da ka rubuta ba. Ja mini ƙofar."

Wanda bai yi injiniya ba zai ce ai kwas ɗaya ne, a maimaita. Amma wannan kwas shi ne mabuɗin nazarin gine-gine na aji uku, wancan kuma shi ne mabuɗin zanen kankare da na ƙarfe a aji huɗu, kuma sau ɗaya ake yin kowanne a shekara. In ka faɗi na ƙasa, duk na sama sun ja baya. Ana cikin haka ASUU ta shiga yajin aiki ranar 14 ga Fabrairu 2022, ba a janye ba sai 14 ga Oktoba. Wata takwas ina gida a Tudun Wada da 38 a wuyana.

Faɗa wa Baba ya fi zaman ofishin nan ciwo. A rumfarsa ta Panteka na same shi yana walda a jikin wata ƙofa. Da kuɗin ƙofofi da tagogin nan yake biya mini rajista. Ya ɗaga gilashin fuskarsa, ya saurare ni har na gama, ya ce, "Allah ya sa haka ne mafi alheri. Riƙe mini nan." Na riƙe masa ƙarfen, ya ci gaba da aikinsa. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Shi ne ya haɗa ni da wani ɗan kwangila da ke gina bene a Rigasa, don kada zama ya lalata ni. Makon farko kwanon kankare na ɗauka kamar kowane lebura. Daga baya aka tura ni wajen wani dattijo mai ɗaurin rodi, wanda bai yi boko ba, amma ya san lambobin da ke jikin zane. Wata safiya ya shimfiɗa zanen a kan bulo, ya ɗora dutse a kusurwa don iska, ya daɗe yana kallon wani bim da zai ratsa falo. Ya ce, "Yaro, wannan ba zai yiwu ba. Rodi mai 12 guda biyu a wannan nisa? Ba zan ɗaura ba sai injiniya ya zo." Aka tsayar da aiki har azahar, ɗan kwangila na ta faɗa. Da injiniyan ya zo ya duba lissafinsa, ashe mai 16 guda huɗu ne, wajen buga zane aka ɗauko bayanin linta aka manna wa bim. Na tambayi dattijon yadda aka yi ya gane. Ya ce, "Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima."

Ranar na yi masa tambayar da ɗalibar nan ta yi. Bai yi dariya ba. Ya ɗauko guntun soson katifa da leburori ke zama a kai, ya ɗora shi tsakanin bulo biyu, ya danna tsakiya da yatsa. "Duba ƙasa, ka ga ya buɗe? Duba sama, ka ga ya matse? Kankare yana son matsi, ba ya son ja. Inda zai buɗe nan ake sa masa rodi." Sannan ya ƙara bulo na uku a tsakiya, ya danna ɓangarorin biyu, sai ga saman soson ya miƙe daidai kan bulon tsakiyar. "Shi ya sa a kan filla rodi ke komawa sama." Minti goma bai cika ba. Abin da littafi ke nufi da cewa ƙarfin kankare wajen ja bai wuce kusan kashi ɗaya cikin goma na ƙarfinsa wajen matsi ba, ga shi a tafin hannuna. A wurinsa na ga amfanin 'yan biskit ɗin siminti da ake sawa ƙarƙashin rodi don kada ya taɓa katako ya yi tsatsa daga baya, na kuma ga yadda yake hana kafinta cire katakon da ke tallafe da dakin, wato rufin kankare, da wuri, don kankare ba ya kai ƙarfin da aka lissafa shi da shi sai ya kwana 28.

Da aka koma makaranta na sake zama a ajin, tare da ƙannena. Farfesa bai canza komai ba, misalan ma su ne na bara. Ni ne na canza. Kafin in taɓa kalkuleta sai in rubuta a gefe abin da nake sa ran gani. Bim mai mita 6 bai kamata ya lotsa fiye da kashi ɗaya cikin 250 na tsawonsa ba, wato milimita 24, don haka duk amsar da ta zo da ɗaruruwa na san akwai ɓaraka. Na ci 71. Na kuma zauna da 'yan ajin kowace Asabar da guntun soso da bulo uku, kuma cikin goma sha ɗayan da suka riƙa zuwa, ɗaya ne kaɗai ya faɗi.

Sifilin da ya ba ni, yau na yarda da shi. Da ni ne ke duba takardar wanda zai sa hannu a zanen gidan mutane, da wuya in ba shi maki a kan bim ɗin da ya lotsa fiye da tsawonsa. Kuma dole in faɗi gaskiyarsa: bai taɓa sayar mana da takardun darasi ba, ba a taɓa jin ya karɓi kwabon ɗalibi ba, bai taɓa fashin aji ba, har lokacin da aka riƙe musu albashin watannin yajin aiki. Abin da na kasa haɗiyewa daban ne. Ya hukunta mu a kan abin da bai koya mana ba. Injin gwada ƙarfin rodi yana nan a ɗakin gwaje-gwaje an lulluɓe shi da tampol, zango guda bai kai mu mun ga ƙarfe ya miƙe ya tsinke ba. Kuma yakan faɗa a ranar farko, har da murmushi, cewa rabinmu za mu sake haɗuwa da shi baɗi, kamar yawan masu faɗuwa shi ne shaidar darajar kwas ɗin. Ana cizawa a busa. Shi cizon kawai ya iya. Ni na yi sa'a ina da uba a Panteka da ya san wanda zai kai ni wurinsa. Ɗalibar nan fa? Tambayarta ta fi duk abin da muka haddace ma'ana, kuma an rasa injiniya a kanta.

Ga waɗanda za su shiga ajinsa bana: ku je da wuri ku kama layin gaba. Ku mayar da komai niyuton da milimita tun a layin farko, ku rubuta ma'auni a kowane mataki. Kada ku ƙyale makin gwaji, shi ke ɗaga mutum ranar da jarrabawa ta juya. In kuna da tambaya, ku kai wa masu digiri na biyu ko ma'aikatan ɗakin gwaje-gwaje, sun fi sakin fuska. Lokacin hutu ku nemi wurin gini ko da kyauta ne. Kuma kada ku je ofishinsa roƙon maki.

Sa hannun ƙarshen nan na ranar Alhamis nasa ne. Ya duba lambata, ya sa hannu, ya miƙo takardar bai ɗago kai ba, ban ga alamar ya tuna ni ba. Da na dawo gida Baba ya ba ni kwalbar turare ya ce in koma in kai masa, in yi masa godiya, malami malami ne. Na karɓa na ce to. Dattijon Rigasa na fara kai wa goro da yadin shadda ranar Juma'a. Turaren yana cikin jakata tukuna.