Ashe ƙaranbau ba ya barin jiki

Inna ba ta runtsa ba jiya, mu ma haka. Ƙurajen da suka feso mata shekaranjiya sun ja layi daga tsakiyar baya, suka biyo haƙarƙarin dama, suka tsaya cak a ƙirji. Ko ɗaya bai tsallaka hagu ba. Ƙanana ne masu ruwa, amma mayafi kawai ya goge su sai ta hau salati.

Gwaggo ta iso daga Birni tun da sassafe, ta leƙa, ta ce wannan ba na asibiti ba ne, a nemo rubutu. Yaya ya ce to, a nemo, amma adaidaita na jira a ƙofar gida.

Kallo ɗaya lokotoro ya yi ya ce zona ce.

"Hajiya, kin yi ƙaranbau kina yarinya?"

"Ɗan nan, wa zai tuna? Lokacin ko Diori bai hau mulki ba."

Ya yi dariya, ya ce ai shi ne ya dawo. Wai ƙwayar cutar ba ta fita bayan an warke, laɓewa take yi a tushen jijiyoyin da ke gefen ƙashin baya, garkuwar jiki ta danne ta shekara da shekaru. In mutum ya haura 50 garkuwar ta fara sanyi, sai ta samu kafa ta biyo jijiya guda ta fito fata. Shi ya sa take kama ɓari ɗaya. Ya ce mun yi sa'a, maganin aciclovir ya fi aiki in an fara shi cikin awa 72, amma wasu tsofaffin raɗaɗin na bin su watanni bayan ƙurajen sun bushe.

Maganar nan ce ta hana ni sakat duk yini. Tun kafin 1960 abu na zaune a jikin Inna. Da shi aka kai ta ɗakin miji, da shi ta haife mu, da shi ta sauke farali. Kuma ni ma na yi ƙaranbau a firamare, ga tabonsa nan a goshina. Da la'asar na tsinci kaina ina shafa bayana kamar zan ji inda ƙwayar ta kwanta. Lokotoro ma ya ce ba ita kaɗai ba ce, akwai wata ƙwayar cuta, CMV, da yawancin manya a nan Afirka ke ɗauke da ita ba su sani ba, in an tsufa gadinta kaɗai na cinye kaso mai yawa na garkuwar. Ban so ya ƙara min wannan ba.

 

An hana Fati shiga ɗakin da jaririn, tunda ruwan ƙurajen na iya sa wa wanda bai taɓa yi ba ƙaranbau. Tana ta fushi, sai ka ce mu muka kafa dokar.

Rubutun Gwaggo ya iso bayan magariba, Inna ta kora ƙwayar maganinta da shi. Sau 5 a rana ne har kwana 7, kuma ni aka ɗora wa ta asuba.