Ɗigon da ya tsaya a Gazawa

Ranar da na ce zan tafi Damagaram a kan keke, Inna ba ta ko ɗago kai daga tsintar shinkafa ba. "Motoci sun ƙare a tasha ne?" Iyakar abin da ta ce ke nan. Yayana ne ya shiga tsakani, amma da sharaɗi: in kunna abin nan na WhatsApp mai nuna inda mutum yake a taswira, kana tafiya ɗigonka yana tafiya. Na amince. Daga Maraɗi wajen kilomita 240 ne, kwalta har can, na raba tafiyar kwana biyu, in kwana a Tasawa.

Kuskurena na farko, maimakon in tura wa Yaya shi kaɗai, sai na jefa shi a zauren danginmu, mu sama da talatin, har da gwaggonnin da ba su taɓa buɗe taswira ba. WhatsApp zaɓi uku yake bayarwa: minti 15, awa 1, ko awa 8. Na danna awa 8 da ƙarfe shida na safe, ban tsaya na yi lissafin lokacin da zai ƙare ba.

Watan Disamba ne, kuma duk mai nufar gabas cikin hunturu da iska yake kokawa. Ƙura a hanci, leɓe ya tsage, kana taka feda kamar kana jan amalanke. Amma da safen nan abin ya yi mini daɗi. Ina zaune wurin mai shayi a Cadawa sai ga saƙon ƙanena: "Yaya, minti ashirin kana wuri guda, da ƙwai ne ko babu?" A Agye kuwa ɗan kawuna ya ga ɗigon yana matso garinsu, ya fito bakin hanya da kwanon fura yana jirana. Ban gaya masa zan wuce ba. Wannan furar har yau ina tuna sanyinta.

Bayan na wuce Gazawa kaɗan ne komai ya dagule. Rezo, wato sabis ɗin waya, ya ɗauke. Ita waya tana sanin inda take ta tauraron ɗan adam ko babu mega ko ɗaya, amma kafin ta gaya wa wani sai da intanet. Saboda haka a gida ɗigona ya ƙame a wurin ƙarshe da ya samu aikawa. Akwai ɗan rubutu a ƙasa mai nuna tun yaushe rabon wayar da aikawa, amma wa zai karanta shi hankali a tashe? Ni kuma can gaba ƙaya ta huda mini tayar baya. Na zauna ƙarƙashin gawo na yi faci, na yi azahar, har na ɗan kishingiɗa, raina fes. Ƙarfe biyu na cika, awa takwas ɗin ta ƙare, abin ya rufe kansa.

Ku auna yadda aka ga wannan daga Maraɗi: mutum ya tsaya cak bakin daji awa guda, waya ba ta shiga, sannan ya ɓace gaba ɗaya. Duk ɗan Maraɗi ya san labaran da ke zuwa daga bakin iyaka, wajen Madarunfa da Gidan Rumji. Hanyata ba can ta nufa ba, amma zuciyar uwa ba ta duba gabas da kudu. Da na shiga Tasawa bayan la'asar rezo ya dawo, saƙonni suka yi ta zubowa kamar ƙanƙara. Yaya ya riga ya sha wa babur mai. Wata gwaggo ta ɗauki hoton taswirar ta sa a sitatus tana neman addu'a, wato duk wanda ke ganin sitatus ɗinta ya san ina hanya ni kaɗai, ya kuma san daidai inda nake. Wannan ya fi facin tayar ɓata mini rai.

Na kira Inna. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Da ba ka kunna abin nan ba, da tun safe na bar ka da Allah na yi aikina." Gaskiya ta faɗa. Mahaifinmu ya yi shekaru yana fatauci zuwa Kano, sai ya dawo ake sanin ya isa.

Washegari Yaya kaɗai na tura wa, muka yi magana tun da dare: in ɗigo ya tsaya, ya ba ni awa biyu kafin ya tayar da kowa, ni kuma duk garin da na shiga zan aika murya, ko da "ga ni a Maijirgi" ce kawai. Na sabunta awa takwas ɗin a Takeita tun kafin ta ƙare, wayar kuma tana jone da batirin ajiya cikin jaka, don abin yana shan caji ba kaɗan ba.

Na isa Damagaram gab da magariba, na tsaya ƙofar fadar Sarki na ɗauki hoto, na kashe ɗigon da hannuna. Dawowa dai a mota na yi, keken a ɗaure a sama. Inna ta dube ni, ta dubi keken, ta ce, "Ashe ba su ƙare ba."