Na Je Tsohuwar Matatar Sukari a Kan Keke

Ranar Asabar na hau keke na tsallaka gadar Wiliyamsbag daga Manhatan zuwa Burukilin, na bi hanyar masu keke da aka keɓe a titin Kent har bakin tsohuwar matatar sukari ta Domino, wadda ke gaɓar Kogin Gabas a birnin Niyok na ƙasar Amurka.

An rufe matatar a 2004, bayan kusan shekara 150 ana tace sukari a wurin, kuma ta daɗe a matsayin kango kafin a buɗe wurin shaƙatawa a gefenta a watan Yunin 2018. Abin da ya fi taɓa ni shi ne ba a share tarihin ma'aikatan ba. An bar manyan tankuna huɗu na ruwan sukari a tsaye da tsatsarsu, an yi wa ƙugiyoyin sauke kaya biyu fenti, sannan aka ɗora wata doguwar hanyar ƙafa a kan ginshiƙan ƙarfen tsohon sito. Na jingine kekena na daɗe ina shafa jikin tanki ɗaya, yara kuwa suna ta guje-guje cikin feshin ruwa.

An kuma ɗaga ƙasar wurin saboda ambaliya, domin guguwar Sandi ta 2012 ta shigar da ruwa unguwannin bakin kogin. A hanyata ta komawa, masaƙun Kakuri na Kaduna da aka rufe ne kawai suke ta faɗo mini a rai.