Minti 23 babu layi

Talata, da dare.

An ce za a sabunta manhajar suwic, wato na'urar da ke haɗa layi tsakanin sabobinmu (manyan kwamfutocin aiki) da akwatin ajiyar bayanai, wai minti biyar an gama. Sai da aka shafe minti 23 kafin layi ya dawo.

Sabobin da ke kaiwa ga akwatin ta NFS, wato tsarin raba fayiloli ta layi, ba su ba ni ciwon kai ba. Da zaɓin hard na haɗa su, wanda ke sa su yi ta jira in layi ya yanke, don haka kowane aiki ya tsaya cak yana jira, layi na dawowa suka ɗora daga inda suka tsaya. An yi ta kirana wai kwamfuta ta sandare, na ce kowa ya cire hannunsa.

Sabar ma'ajiyar bayanai mai iSCSI, wato wadda ke ganin akwatin ta layi kamar faifanta ne, ita ce ta jiƙa min aiki. Open-iscsi, manhajar da ke riƙe wannan haɗin, daƙiƙa 120 kacal yake jira, wato lambar da ake kira replacement_timeout, daga nan sai ya mayar da duk rubutun da ke kan hanya a matsayin kuskure. Ext4, tsarin fayilolin faifan, na ganin haka ya kulle kansa, karatu kawai. Haɗi ya dawo lafiya lau, amma faifan ya ƙi karɓar ko harafi ɗaya. Dole na tsayar da komai, na sauke faifan, na bi shi da fsck, manhajar duba faifai da gyara shi, gabana na faɗuwa.

Abin haushin, na tuna sarai na ɗaga wannan lambar a iscsid.conf, fayil ɗin saitin open-iscsi, tun bara. Na buɗe, ga ta nan 86400, kwana guda cur. Ashe fayil ɗin sababbin haɗi kawai yake shafa. Tsohon haɗin yana da nasa rikodin tun ranar da aka fara gano akwatin, 120 ɗinsa na nan daram. Da umarnin iscsiadm -o update na gyara rikodin, na katse haɗin na sake haɗawa.

Abokin aikina ya ce, "Oga, kwana guda bai yi yawa ba? In akwatin ya mutu da gaske fa?" Yana da gaskiya, ayyuka za su maƙale, ko kill, umarnin kashe aiki, ba zai motsa su ba. Amma gara su maƙale da a yanke rubutu rabi. Kuma hanya ɗaya gare mu zuwa akwatin. Da muna da multipath, wato hanya fiye da ɗaya zuwa akwatin, sai a rage lambar zuwa daƙiƙa 5, a bar saitinsa na no_path_retry queue ya riƙe jiran.

Da yamma na zare kebul ɗin da hannuna, na zuba wa agogo ido minti goma. Na mayar, rubutu ya ci gaba. Gobe in duba rikodin sauran sabobi huɗun.